Sifilin Hedimasta

Shekara biyu cur Hedimasta yana yawo da wata takarda a aljihun gaban rigarsa. Har wurin masu hoto ya kai ta aka yi mata rigar leda don kada gumi ya ci ta. Ba shaidar digiri ba ce, ba kuma ta yabo ba. Hoton fuskar kwamfuta ne da ya sa aka buga masa, abin da ke jiki kuwa bai wuce layi ɗaya ba: an samu sakamako sifili.

Wannan sifilin shi ne abin taƙamarsa a duniya. In ka zauna minti biyar a ofishinsa na makarantar firamare, ko da neman a ɗauki ɗanka ka zo, sai ya zaro ta ya ɗora maka a gwiwa.

"Ka ga wannan? Rumbun binciken jami'a na tambaya, wanda ya tara rubuce-rubucen masanan duniya kaf. Na ce masa akwai wanda ya taɓa rubutu a kan abin da nake bincike? Ga amsarsa nan. Babu. Ni ne na farko."

Yana da shekara hamsin da uku ya koma karatun digiri na biyu, yana zuwa jami'a ƙarshen mako. Abin da yake bincike shi ne nauyin jakar da yara ke goyawa zuwa makaranta. Taken binciken kuwa, sai ka ja numfashi kafin ka fara: Nazari a kan Tasirin Nauyin Jakunkunan Makaranta ga Ƙashin Bayan Yara 'Yan Aji Huɗu zuwa Shida da Yadda Hakan ke Shafar Zamansu da Sauraronsu a Cikin Aji, Musamman Bayan Hutun Rabin Rana. Kalma talatin da biyu, shi da kansa ya ƙirga. Malaman makarantarsa sun haddace shi ba da son ransu ba, har mai gadi yana iya kawo rabinsa.

A gida ma ba a tsira ba. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, unguwa duk Sista ake kiranta, har shi ma bakinsa ya saba. Ranar da ya fara shigowa da takardar tana wankin kwanuka, ya karanta mata sifilin da murya irin ta taron safe. Ta goge hannu a jikin zaninta ta ce, "Baban yara, ai kuwa ni a da can..."

Ya ɗaga mata hannu yadda yake tsayar da ɗan aji uku. "Sista, wannan harkar ilimi ce, ba ta asibiti ba."

Ta dube shi, ta ce, "To," ta koma kan kwanukanta. Shekara ashirin da biyu suna tare, amma bawan Allahn nan bai taɓa lura da fuskarta in ta ce to ba.

A kusurwar falo yake da teburin karatunsa, tsohon tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Tun shekarun baya ya tokare ƙafar da wani littafi mai kauri mai koren bango, teburin ya daina rawa, shi kuma ya daina tunawa da zancen. A kan teburin yake ajiye ma'aunin da yake auna jakunkunan yara da shi, irin mai ƙugiyar nan da ake ratayawa. A saman kabad ya tsince shi a cikin wani kwali daidai lokacin da yake bukata, ya ce lallai Allah yana son binciken nan.

Ranar Litinin ce abin ya watse. Malamin da ke duba aikinsa, wanda suke kira Dakta, matashi ne da bai fi sa'ar ƙaninsa na uku ba, ga ladabi, ga rashin sassauci. Ya buɗe babi na biyu, inda ake so ɗalibi ya kawo abin da magabata suka rubuta. Shafi ɗaya ya tarar. A sama an rubuta sunan babin da manyan baƙaƙe, a ƙasa an manna kwafin sifilin.

Dakta ya juya shafin ko akwai wani abu a baya. Babu.

"Baba Hedimasta, ranar Alhamis ƙarfe goma ake rufe jerin sunayen waɗanda za su kare bincikensu. Kai kuma ka san bana ce shekararka ta ƙarshe, jami'a ba za ta ƙara maka ba. Ka kawo min wannan babin da rubuce-rubuce ashirin na gaske, waɗanda ka karanta. In ba haka ba, wallahi ba zan sa hannu ba."

"Dakta, ta ina zan samo abin da babu shi? In ƙirƙira?"

"Je ka laburare gobe ka nemi Anti Shiru."

Hedimasta ya fito daga ofishin. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ya riga ya gaya wa malamai, da iyayen yara, da mai gyaran babur ɗinsa cewa bana zai gama. In aka cire sunansa, da wane ido zai tsaya gaban taron safe?

Talata da hantsi ya isa laburaren. Dogon ɗaki ne mai fankoki shida, huɗu suna juyawa, yana warin tsohuwar takarda da man goge katako. A ƙarshensa an jera kwamfuta takwas a jikin bango, kowace da kujerar roba. Anti Shiru tana bayan kanta, 'yar siririyar mata mai tabarau a rataye da sarƙa, da fensir a hannu. Ɗalibai ne suka sa mata sunan, domin ba ta tsawa. Fensirin take bugawa sau biyu a kan tebur, sai ka ji ɗakin ya mutu.

"Salamu alaikum, ni ne Hedimastan da Dakta ya turo," in ji shi, da muryar da ya saba isar da ita ga yara ɗari shida a fili.

Fensir ya bugu sau biyu. Kawuna goma sha wani abu suka ɗago. Rabon da a hana shi magana tun yana ɗan aji biyu, sai ga shi ya haɗiye sauran gaisuwar.

Ta amsa masa ƙasa-ƙasa, ta kai shi gaban kwamfuta ta ƙarshe, ta ja kujera ta zauna a gefe. "Malam, nuna min yadda ka nema."

Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman kowane baƙi kamar ya ɓace masa. Ya fara buɗe alamar zance, ya jero kalmomin nan talatin da biyu ɗaya bayan ɗaya har da waƙafi, ya rufe alamar. Minti shida aka yi. Ya danna. Sifili ya fito, ya juyo yana murmushi, irin na wanda shaidarsa ta iso kotu.

"Me ya sa ka saka shi cikin alamar zance?" ta tambaya.

"Take ne ai. Dole a ba shi girmansa."

Anti Shiru ta cire tabarau ta murza ido. "Malam, alamar nan ce mata kake yi ta kawo maka wanda ya rubuta wannan jimlar daidai, baƙi da baƙi, ba gaba ba baya. Duk duniya mutum ɗaya ne zai iya rubuta ta haka. Kai ne. Kai kuma ba ka gama rubutawa ba."

Ta jawo farar takarda ta ja layi biyu, ta raba ta gida uku. "Cikin wannan dogon zancen, abu nawa kake nema a gaskiya?"

"Talatin da biyu."

"Uku ne. Jaka. Yara. Baya." Ta rubuta kowanne a saman gidansa. "Sauran duk rakiya suka zo."

Ransa ya sosu. Wata uku ya yi yana gina taken nan, ga shi an yi masa aski a minti ɗaya. Amma ya tuna Alhamis, ya haƙura. Ta sa shi ya cika kowane gida da duk sunan da wani zai iya kiran abin. Ƙarƙashin jaka suka sa jakar goyo, jakar littattafai, kayan da ake ɗauka. Ƙarƙashin yara suka sa ɗalibai, 'yan firamare, 'yan makaranta. Ƙarƙashin baya suka sa ƙashin baya, kafaɗa, wuya, ƙugu, ranƙwafawa. Nan fa ya ji daɗi, don aikin allo ne, har yana ɗaga yatsa kafin ya ba da amsa.

"Masanin da ke wata ƙasa bai san kai jaka kake cewa ba," in ji ta. "Shi da nasa bakin ya rubuta. Dole ka kira abin da duk sunayensa."

Ta jawo allon bugawar gabanta, ta rubuta jakar makaranta kawai, ta danna. Hedimasta ya sunkuya ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida.

"Malama, na'urar nan ta samu matsala."

"Lafiyarta ƙalau."

"Ɗazu babu ko ɗaya. Yanzu dubu arba'in. Ina suke ɗazu?"

"Suna nan. Ba ka kira su ba ne."

Ya nemi ruwa. Ta ce ba a shan ruwa kusa da kwamfuta. Ya zauna yana kallon lambar, hannunsa a kan aljihun da takardar take. Mutum dubu arba'in sun riga shi, kuma ko ɗaya bai yi masa sallama ba. Ya tuna iyayen yaran da ya ɗora wa ledar a gwiwa, ya ji zufa tana bin bayansa duk da fanka.

"Ashirin Dakta ya ce," ya faɗa a hankali. "Dubu arba'in kafin jibi, ko suna kaɗai zan kira ba zan gama ba."

"Shi ya sa akwai kalmomi uku da na'urar take ji." Ta rubuta su da manyan baƙaƙe: KO, DA, BANDA. "In ka sa KO tsakanin kalmomin gida ɗaya, ka buɗe ƙofa, kowa ya shigo. In ka sa DA tsakanin gida da gida, ka ce sai wanda ya haɗa duka ukun. BANDA kuma kora ce. Duk rubutun da kalmar ta fito a cikinsa, waje."

"Kora," in ji Hedimasta, idonsa ya ɗan yi haske.

"Ita ce mai haɗari. A yi hankali da ita."

Suka haɗa gidajen uku da DA, dubu arba'in ta dawo ɗari tara da wani abu. Ta nuna masa 'yar alamar tauraro da ake sa wa gindin kalma don ta kawo ta da 'yan uwanta, tilo da jam'i. Suna cikin haka wasu ɗalibai a can gaba suka fara dariya a kan waya, fensir bai isa can ba, dole ta tashi. "Duba sunayen kawai, kada ka taɓa komai," ta ce.

To, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana korar masu makara daga bakin ƙofa, ka bar shi da maɓallin kora ka ce kada ya taɓa? Ya duba na farko, ya ga maganar jakar sojoji ce. Banda sojoji. Lamba ta ragu, ya ji wani sanyi a ransa. Banda masu hawan dutse. Banda manya. Banda 'yan sakandare. Ya ga asibiti ya cika wurin, ya yi tsaki, ko a nan ma ba za su bar mutum ya huta ba. Banda asibiti. Banda jinya. Banda likita. Ɗari biyu. Sittin. Sha ɗaya. Yatsan nan da ke minti shida a layi ɗaya sai ga shi yana gudu. Kafin Anti Shiru ta dawo ya jingina da kujera ya harɗe hannu, tsohon abokinsa sifili yana haske a fuskar kwamfutar.

"Malama, zo ki gani. Na bi hanyarki tiryan-tiryan, ga inda muka dawo."

Ta buɗe inda na'urar ke ajiye tarihin duk abin da aka nema, ta bi da fensir layi-layi. A na ƙarshe ta tsaya.

"Malam, ka kori yara."

"Na ga sun yi yawa."

"Binciken naka a kan su wa kake yinsa?"

Wata ɗaliba a kwamfuta ta kusa ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Anti Shiru ba ta buga mata fensir ba.

Ta goge korar ɗaya bayan ɗaya. Sojoji da masu hawan dutse ta bar su a waje. Da ta zo kan asibiti, ya riƙe gefen tebur.

"Wannan a bar shi. Bincikena na ilimi ne."

"In bayan yaro ya yi ciwo, ofishinka ake kai shi?"

"A'a."

"To masu jinya sun riga malamai ganin abin nan, kuma sun fi su rubuta shi. Ka kore su, ka kori rabin babinka." Ta goge. Sannan ta duba gefen hagu, ta ga tun farko an taƙaita neman ga shekara biyar da suka wuce, kuma ga mujallu kaɗai. Ta buɗe shekarun, ta ƙara da kundayen da ɗalibai ke rubutawa in za su gama karatu. Ta nuna masa cewa kowane rubutu akwai 'yan kalmomin da ma'aikatan rumbun suka liƙa masa don a san gidansa, in ka samu ɗaya mai kyau ka danna kalmarsa, sai ta kai ka wurin danginsa. Suka danna. Sittin da uku.

Daga nan aiki ya kankama. Yana karanta taƙaitawar kowanne, yana ware na ɗauka, tana nuna masa inda zai adana. Abin haushi, rubuce-rubucen suna da kyau. Wasu sun auna yara dubu, wasu sun ɗauki hoton yadda yaro ke ranƙwafawa. Tun yana karantawa da ƙyashi har ya koma gyaɗa kai. Bayan azahar yana da goma sha tara.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ko wanne ma a ɗauka."

"Ba haka ake yi ba. Buɗe ƙarshen waɗanda suka fi kusa da naka, ka ga su wa suka karanta." Suka buɗe guda biyar, tana bin jerin da fensir. "Ka gani? Huɗu cikin biyar sun ambaci wannan matar. Ita ta fara auna yara a makaranta irin taka. In ba ka kawo ta ba, Dakta zai kama ka."

Ta rubuta sunan a gurbin marubuci. Abu ɗaya ya fito: kundin kammala karatun jinya, na shekara goma sha uku da suka wuce, a kan nauyin jaka da ciwon baya a tsakanin yara ɗari biyu na wata makarantar firamare. Take gajere, kalma goma sha biyu ko ƙasa da haka.

Hedimasta ya karanta sunan. Ya sake karantawa. Sunan nan ya san shi fiye da nasa, shi yake rubutawa a kowace takardar aiki inda aka ce a sa wanda za a kira in wani abu ya same ka.

"Sai dai taƙaitawa kawai ke nan," in ji Anti Shiru, ba ta lura da fuskarsa ba. "Ba a ɗora cikakkensa ba, kwafinmu kuma yoyon rufi ya cinye shi tun kafin a gyara ɗakin ajiya. Hanya ɗaya ta rage, ka rubuta wa marubuciyar ka roƙe ta. Yawancinsu murna suke yi, don ba kowa ke tambaya ba. Amma fa da ladabi." Ta miƙo masa takarda. "Rubuta. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗalibi ne da na ci karo da muhimmin aikinki."

Ya rubuta.

"Wanda nake ganin babu mai bincike a wannan fanni da zai wuce shi bai karanta ba."

Ya rubuta wannan ma.

"Wasu sai su yi wata guda ba su amsa ba."

"Wannan tana iya wuce haka," in ji shi.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ka san ta ne?"

"Muna gaisawa."

A kan babur, a hanyar gida, abubuwa suka riƙa dawo masa ba tare da ya kira su ba. Lokacin yana mataimakin hedimasta. Sista ta yi mako uku tana zuwa makarantar da sassafe da ma'auni mai ƙugiya, autarsu a goye. Takardar izini shi ya sa mata hannu, yana shan shayi, bai karanta ba. Ranar da aka yaye su yana taron shugabannin makarantu. Ta kawo masa kwafi mai koren bango ta ajiye masa a tebur, ya ce sai Asabar in ya huta. Ko da ya zo nan a tunaninsa, sai da ya tsaya a gefen titi, mai mota a bayansa yana ta danna masa oda.

La'asar sakaliya ya shiga gida. Sista tana falo tana guge farar rigar aikinta ta gobe. Ya yi sallama, ta amsa. Bai cire hula ba ya wuce kusurwa, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya sa kafaɗa ya ɗaga teburin. Kofin da yake zuba biro ya kife, ma'aunin ya zame ya faɗo, ya zaro littafin.

"Teburin zai yi rawa," in ji Sista, ba ta ɗago daga guga ba.

Ya hure ƙura. Ƙafar teburin ta yi rami a tsakiyar bangon, zagayayye, har ya nutsa cikin shafukan farko. Sunanta yana ƙasan ramin da ruwan zinariya da ya dusashe. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya laluba aljihu ya ciro wasiƙar da aka yi masa shifta, ya miƙa mata da hannu biyu yana durƙushe.

Ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta ɗauko tabaranta, ta karanta tun daga gaisuwa har sa hannu. A wurin muhimmin aikinki ta ɗan dakata.

"Wa ya rubuta maka?"

"Ni na rubuta. Matar laburare ce ta faɗa min."

"Na ga alama." Ta ninke ta. "Marubuciyar za ta duba. Tana da aikin safe gobe."

"Sista, jibi ƙarfe goma ne. In ban kai ba sun cire ni."

"Sau uku na gaya maka, Baban yara. Ranar da ka shigo da ledar nan. Ranar da ka sauko da ma'aunina daga kan kabad kana cewa Allah ne ya ajiye maka. Da ranar da ƙanwarka ta zo kana yi mata lacca, na ce akwai wani littafi a gidan nan, ka ce in kawo muku ruwa." Ba ta ɗaga murya ba. "Na ji haushi. Daga baya na daina ji, na ce bari in ga iya inda sifilin zai kai ka."

"Ya kai ni," in ji shi.

"Buɗe shafin farko."

Ya buɗe. Ramin ya ratsa ta tsakiya, amma rubutun biro da ke sama bai taɓu ba, rubutunta ne, da kwanan wata a ƙasa: Ga Baban yara. Ka ce ran Asabar za ka karanta. Ina jira.

Ya daɗe yana kallon layin. Hedimastan da ba ya rasa jawabi ko a jana'iza, yau kalma uku kaɗai ya samu. Ƙarshe ya ce, "Ki yafe min," muryar ko Anti Shiru ba za ta buga mata fensir ba.

Sista ta cire wayar dutsen guga daga bango. Ta karɓi littafin ta buɗe can ƙarshe, ta ɗora yatsa a sakin layi na ƙarshe. "Karanta nan, tunda sauri kake."

Ya karanta. Marubuciyar ta ce ita ciwon kawai ta auna. Yadda nauyin ke shafar zaman yaro da sauraronsa a aji kuwa, wannan sai wani malamin makaranta ya bincika, domin shi ke tare da su.

"Wani malamin makaranta," ya maimaita.

"Da wa kake tsammani nake? A kan abincin rana na faɗa maka shi, kana karanta jarida. Bayan shekara goma sha ɗaya ka tashi da shi wai mafarki ka yi." Ta mayar masa da littafin. "Wannan gefen har yanzu ban ji wanda ya yi shi a makaranta irin taku ba. Amma kada ka yarda da ni. Ka koma wurin matar nan ku nema da kyau."

Laraba ma bai je makaranta ba, kwana biyu a jere, karo na farko cikin shekara shida. Da safe ya koma laburare suka nema, da KO da DA, ba a kori kowa ba. Aka samu uku da suka taɓo gefen, babu wanda ya zauna a kansa. Ya dawo gida ya wuni yana rubutu a kan teburin cin abinci, Sista da ta taso aiki tana jan layi da jan biro a duk inda ya rubuta ni ne na farko.

Alhamis ƙarfe tara da rabi Dakta ya karanta babin, shafi goma sha huɗu, rubuce-rubuce ashirin da uku. Ya tsaya a kan ɗaya.

"Wannan kundin na neme shi da kaina ban samu ba. Ina ka samo shi?"

"Wurin marubuciyar."

"Ta amsa maka cikin kwana biyu? Ka yi sa'a, Baba."

"Ta daɗe da amsawa," in ji Hedimasta. Dakta bai gane ba, ya sa hannu.

Ran Asabar da hantsi ya zaro takardar sifilin daga aljihu, ya ninka ta huɗu da ƙyar saboda ledar, ya cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ba ta kai kaurin littafin ba, teburin ya ci gaba da ɗan rawa. Ya zauna hakanan, ya buɗe shafi na ɗaya. Sista ta jawo kujera ta zauna a gefensa da kofin shayinta, ta ce ya karanta a bayyane, kuma in ya gama kowane babi akwai tambayoyi.